Kuɗin hukuma ko na gidauniya: wanne mai binciken tattalin arziki zai nema?

Masanin tattalin arziki ba ya aiki da manyan injuna kamar mai binciken sinadarai, shi ya sa mutane da yawa ke zaton aikinsa ba ya cin kuɗi. Yana ci ƙwarai. Akwai albashin mataimakan da za su share watanni suna tace alƙaluma, akwai kuɗin sayen bayanai, akwai masu bi gida-gida da takardar tambayoyi, sannan akwai lokacin shi malamin kansa, wanda sai an biya jami'a ta samo mai riƙe masa aji kafin ya sami sukunin zama ya yi tunani. Albashin koyarwa ba zai ɗauki wannan ba. Don haka da zarar mutum ya kammala digirin digirgir ya kama aiki, zai tarar da ƙofofi biyu a gabansa: hukumomin da gwamnatoci suka kafa don raba kuɗin bincike, da gidauniyoyin da attajirai ko iyalansu suka kafa da dukiyarsu.

Yawanci abin da ake tambaya shi ne wanne ya fi ba da kuɗi mai kauri, wanne kuma ya fi sauri. A ganina akwai tambayar da ta riga waɗannan: idan kuɗin ya shigo, wa zai zaɓi abin da za a bincika, kai ko mai bayarwa? A nan ne ƙofofin biyu suka fi rabuwa, kuma daga nan sauran bambance-bambancen suka samo asali.

Mu fara da hukuma. A Amurka akwai NSF, hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1950. A Birtaniya akwai ESRC, da ta fara aiki a 1965 da wani suna daban. A Jamus akwai DFG, Tarayyar Turai kuma tana da ERC tun 2007. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Za a buɗe ƙofa, sau da yawa a sa ranar rufewa, kowa ya kawo takardar neman tallafi a kan duk tambayar da ya ga dama. Sai a aika takardar ga masana irinka, waɗanda ba za ka san sunayensu ba, su rubuta ra'ayinsu. Daga nan kwamiti ya zauna da tarin takardu, ya jera su daga wadda ta fi ƙarfi zuwa ƙasa, a ja layi a inda kuɗin shekarar ya ƙare. Wanda ya faɗo ƙasan layi da taku ɗaya, da wanda ya zo na ƙarshe, duk wasiƙa iri ɗaya za su samu.

NSF tana auna kowace takarda da ma'auni biyu, wato ƙarfin ilimin da ke ciki da kuma amfanin da zai kai ga al'umma. ERC ma ta fi sauƙaƙa magana, domin ma'auninta ɗaya ne tak, nagartar aikin da ta mai aikin. Tallafinta na masu tasowa yana kai yuro miliyan 1.5 na shekara biyar, na matsakaita miliyan 2, na manya miliyan 2.5. Ba ta duba ƙasar da ka fito, amma dole jami'ar da za ta riƙe kuɗin ta kasance a Tarayyar Turai ko ƙasashen da ke cikin shirin. Kuma idan ka sauya jami'a a cikin waɗannan ƙasashe, kana iya tafiya da tallafinka.

Wannan 'yanci shi ne babban abin da kuɗin hukuma ke saya maka. Paul Milgrom da Robert Wilson sun shafe shekaru suna nazarin ƙa'idojin gwanjo da tallafin NSF, a lokacin da ba wanda zai iya nuna maka ranar da aikin zai yi amfani. A 1994 gwamnatin Amurka ta yi amfani da tsarin da suka taimaka aka zana wajen gwanjon mitocin sadarwa, a 2020 kuma suka karɓi kyautar Nobel. Da wuya gidauniyar da ke jiran ganin tasiri cikin shekara uku ta yi haƙurin irin wannan aiki.

Amma 'yancin yana da farashi. Na farko, jira. NSF tana ƙoƙarin ba da amsa cikin wata shida, na ERC kuwa daga rufe ƙofa zuwa fitar sakamako yana cin kusan shekara. Na biyu, gasar tana da zafi: a tallafin masu tasowa na ERC, waɗanda ke dacewa ba su cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Ka kwashe wata biyu ko uku kana rubutu, kuma mafi rinjayen zato shi ne ba za ka samu ba. Na uku, wanda ya fi damuna, kwamitin masana yana da halin ɗari-ɗari da sabon abu. Mutanen da suka gina sunansu a kan wata hanya su ne za su yanke hukunci a kan takardar da ke cewa hanyar tana da gyara. Ba sai sun yi mugunta ba. Ya isa mutum ɗaya cikin uku ya rubuta cewa bai gamsu da hanyar binciken ba, takardar ta sauko ƙasan layi.

Sai kuma siyasa. Hukuma ba ta cika sa baki a takarda ɗaya-ɗaya ba, amma idan iska ta juya, tana iya kwashe fanni gaba ɗaya. A farkon shekarun 1980 ministan ilimi na Birtaniya, Keith Joseph, ya so ya rushe hukumar binciken zamantakewa. Rahoton Lord Rothschild na 1982 ne ya cece ta, ta tsira da ragin kasafi da sabon suna, wato ESRC. A 2013 majalisar dokokin Amurka ta hana NSF tallafa wa binciken kimiyyar siyasa sai wanda ya shafi tsaron ƙasa ko muradunta na tattalin arziki, ko da yake takunkumin bai daɗe ba. A 2021 Birtaniya ta rage kuɗin agajin ƙasashen waje daga kashi 0.7 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5, sai hukumar bincike ta ƙasar ta rubuta wa jami'o'i cewa akwai giɓin fam miliyan 120, aka datse ayyukan da tuni an ɗauki ma'aikata ana tsakiyar yi, da yawansu tare da jami'o'in Afirka da Asiya. A 2025 kuma NSF ta soke tallafi fiye da 1,000 da ta riga ta bayar, aka kuma rufe hukumar agaji ta USAID. Duk wanda ya ce maka kuɗin gwamnati ba ya yankewa, bai bi labarin shekarun nan ba.

A nan ya kamata a bambanta abu biyu da ake yawan haɗawa. Hukumar bincike daban, ma'aikata ko hukumar agaji daban, duk da cewa aljihu ɗaya suke ci. Idan ma'aikatar kuɗi ko babban banki ko hukumar agaji ta ba ka aikin bincike, ita ta kawo tambayar, kuma sau da yawa ita ke da ikon cewa a fitar da rahoton ko a ajiye. Yarjejeniyar 1956 tsakanin Jami'ar Chicago da Jami'ar Katolika ta Chile, wadda ta horar da masanan da suka tsara tattalin arzikin ƙasar a zamanin mulkin soja na Pinochet, da kuɗin agaji na gwamnatin Amurka aka fara ta, daga baya gidauniyoyin Ford da Rockefeller suka sa hannu. Kasancewar kuɗi na gwamnati ba ya nufin babu manufa a bayansa.

To, gidauniya fa? Wanda ya san tarihin fannin ba zai raina ta ba, domin kafin gwamnatoci su farka, ita ce ta riƙe ilimin tattalin arziki. Cibiyar binciken tattalin arziki ta NBER da aka kafa a Amurka a 1920, inda Simon Kuznets ya yi aikin da ya zama tushen ƙididdigar kuɗin shigar ƙasa, ta rayu a shekarunta na farko da kuɗin gidauniyoyin Carnegie da Rockefeller. Cibiyar masanin tattalin arziki Ragnar Frisch a Oslo da tallafin Rockefeller ta tashi a 1932. A shekarar ce kuma Alfred Cowles, wani mai ba masu zuba jari shawara da faɗuwar kasuwar hannun jari ta 1929 ta sa ya daina yarda da masu hasashe, ya kafa cibiyar da ta zama gidan auna tattalin arziki da lissafi, ya kuma ɗauki nauyin mujallar Econometrica.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na fannin da ke haɗa tattalin arziki da ilimin halayyar ɗan Adam. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da manyan sassan tattalin arziki ke kallon wannan tunani a matsayin wasa, wani jami'i mai suna Eric Wanner, a gidauniyar Sloan sannan a Russell Sage, ya riƙa tara irin su Daniel Kahneman da Amos Tversky da Richard Thaler, yana ba su ƙananan tallafi da wurin haɗuwa. Kuɗin ba su da yawa. Abin da ya yi aiki shi ne mutum ɗaya yana da ikon yin kasada ba tare da ya jira kwamiti ya yarda ba. Kahneman ya karɓi Nobel a 2002, Thaler a 2017. Haka ma bayan rikicin kuɗi na 2008, George Soros ya yi alkawarin dala miliyan 50 aka kafa cibiyar INET a 2009 don masu tunanin da ya saɓa wa na gama-gari. Cibiyar J-PAL mai binciken hanyoyin yaƙi da talauci, da aka kafa a jami'ar MIT ta Amurka a 2003, ta bunƙasa ne bayan gudummawar Mohammed Jameel a 2005, har ta ɗauki sunan mahaifinsa.

Hanyar shiga gidauniya ba irin ta hukuma ba ce. Da yawa daga cikin manya, irin su Gates da Hewlett, mafi yawan kuɗinsu ta gayyata suke bayarwa. Ma'aikaciyar gidauniyar da ke kula da shirin za ta ji ka a wani taro, ko wani ya ambaci sunanka, sai ta nemi ka turo shafi biyu. Za ku yi waya. Za ta ce tambayarka tana da kyau, amma da za ka mayar da ita kan mata manoma, ko ka yi ta a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka sa a gaba, da ta fi shiga tsarinsu na wannan zango. Ka gyara, ta sake dubawa, ku kai ƙarshe tare. Idan takardar ta isa gaban shugabanni, yawanci an riga an gama magana. Wannan yana da daɗi, domin kana hulɗa da mutum mai suna da fuska, kuma ba ka ɓata wata uku a kan abin da ba za ka samu ba. Sai dai ka duba takardar ƙarshe ka gwada ta da tambayar da ka fara da ita. Wani lokaci ta fi kyau, domin jami'an nan da yawansu masana ne. Wani lokaci kuma za ka tarar ba taka ba ce kuma.

Mutane suna tsoron cewa mai kuɗi zai sa a murɗe sakamako. Wannan ba shi ne abin da ya fi faruwa ba, kuma manyan gidauniyoyi ba su cika yin haka ba. Tasirinsu yana shigowa ne tun kafin a fara, wajen zaɓen abin da ya cancanci a tambaya da wanda zai tambaya. Gidauniyar Olin ta zuba fiye da dala miliyan 68 a makarantun shari'a na Amurka don yaɗa fannin da ke kallon doka da idon tattalin arziki, ba ta kuma ɓoye manufarta ba, har ta rufe kanta a 2005. Akwai inda abin ya wuce gona da iri. A 2011 aka bankaɗo cewa yarjejeniyar da Jami'ar Jihar Florida ta yi da gidauniyar Charles Koch a 2008 ta ba wakilan mai bayarwa ta cewa a kan malaman tattalin arzikin da za a ɗauka da kuɗin, a 2018 kuma shugaban Jami'ar George Mason ya amsa cewa wasu yarjejeniyoyinsu sun ba masu gudummawa irin wannan dama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka tun kafin a karɓa ya kamata a san wane irin aski ake jira.

Ko gidauniyar da ba ta da wata aƙidar siyasa tana karkatar da fanni. Cikin shekaru ashirin da suka wuce an zuba kuɗi mai yawa a gwaje-gwajen da ake raba ƙauyuka ko makarantu gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu tallafi a bar wasu, sannan a gwada. Hanya ce mai kyau, kuma ta kai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer ga Nobel a 2019. Amma tambayoyin da ba sa shiga wannan ma'auni, irin su darajar kuɗin ƙasa, bashin gwamnati, manufar masana'antu da tsarin haraji, ba su sami rabin wannan gata ba, alhali su ne ke hana ministocin kuɗi barci. Matashin da ke son nazarin hauhawar farashi zai ga duk kuɗin yana wajen gwajin gidan sauro da tura kuɗi ta waya, a hankali shi ma ya koma can.

Yanzu ga wani abu da sababbin malamai ba su cika sani ba sai sun kai takarda ofishin kuɗi na jami'a an dawo musu da ita: kuɗin gudanarwa, wato kason da jami'a ke ɗauka don wuta, ɗakin karatu, akantoci da gine-gine. ERC tana ƙara kashi 25 a kan kuɗin aikin. DFG tana ba da 22. Manyan jami'o'in Amurka sun saba karɓar fiye da kashi 50 daga gwamnatin tarayya. Gidauniyar Gates kuwa iyakarta kashi 10 ne ga jami'o'in Amurka, 15 ga na wasu ƙasashe. A ce kuɗin aikinka 200,000 ne. A ma'aunin ERC jami'a za ta sami 50,000, a na Gates 30,000 ko 20,000. Akwai ma irin Leverhulme ta Birtaniya da ba ta biyan kuɗin gudanarwa sam. Ita ma ESRC kashi 80 take biya na cikakken abin da aikin zai ci, jami'a ta cike sauran. Ma'anar wannan ita ce jami'arka tana iya murna da wani tallafi ta yi ƙorafi da wani, kuma jami'ar da ba ta da ƙarfi za ta iya kasa ba ka ofis da akanta idan kason ya yi kaɗan. Ka je ofishin nan da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajen daɗewa, hukuma ta fi riƙe abu. Binciken PSID na Jami'ar Michigan ya fara bin iyalai kusan 5,000 a 1968, yana bin 'ya'yansu da jikokinsu har yau, kuma kuɗin gwamnati ne ƙashin bayansa. Jamus tana da irinsa tun 1984, Birtaniya kuma ta faɗaɗa nata zuwa gidaje kusan 40,000 a 2009 da kuɗin ESRC. Gidauniya takan sake tsari duk bayan 'yan shekaru, sabon shugaba ya zo da sabon buri. Shirin tallafa wa cibiyoyin nazarin manufofi da Hewlett da Gates da IDRC ta Kanada da wasu suka haɗa hannu a kai ya riƙe cibiyoyi fiye da 40 a Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya kuma ƙare a 2019 kamar yadda aka tsara, kowa ya koma neman na kansa. Duk da haka a yi adalci: bayanan gidaje da noma na LSMS-ISA, da Bankin Duniya ke tattarawa tare da ofisoshin ƙididdiga na ƙasashen Afirka takwas, kuɗin Gates ne ya tayar da su, kuma ɗaruruwan takardun bincike sun fito daga cikinsu.

Ga wanda ke aiki a ƙasar da hukumar bincikenta ba ta da ƙarfi, zaɓin yana da wata fuska. Tarayyar Afirka ta sa burin kashe kashi 1 na arzikin ƙasa a kan bincike, mafi yawan ƙasashe ba su kai ba. Akwai hukumar bincike ta NRF a Afirka ta Kudu, akwai asusun bincike na TETFund a Najeriya, amma kason tattalin arziki a ciki ƙarami ne. Abin da ya fi kusa da hukumar bincike ga masanin tattalin arziki a nahiyar shi ne AERC, ƙungiyar binciken tattalin arziki ta Afirka da aka kafa a Nairobi a 1988. Kuɗinta haɗin gwamnatoci ne da gidauniyoyi, tallafinta ba shi da yawa, amma kai ke kawo tambaya, kuma sau biyu a shekara ana taro inda za ka tsaya gaban manyan masana ka kare shawararka, ka dawo da rahoton tsakiya, ka dawo da na ƙarshe. Ga mai farawa, wannan horon ya fi kuɗin daraja. Akwai kuma PEP da IGC, cibiyoyin binciken tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa, da ke ba da tallafi ta gasa. Haɗarin da ya fi yawa a nan shi ne a sa sunanka a babban tallafin wata jami'ar waje a matsayin abokin aiki na cikin gida, ka nemo izini, ka kula da masu tattara bayanai, sannan takarda ta fito sunanka yana cikin godiya kawai. A yi maganar sunan marubuta da mallakar bayanai a rubuce tun ranar farko.

Idan ni za a tambaya, ga yadda zan raba. Wanda tambayarsa ta ƙa'ida ce, ko ta manyan al'amuran tattalin arzikin ƙasa, ko mai buƙatar shekara biyar kafin a ga komai, ya nufi hukuma, ya kuma shirya nema fiye da sau ɗaya. Matashin da ke neman tabbata a aiki shi ma ya fara da nan, domin tallafin da aka ci ta buɗaɗɗiyar gasa yana da nauyi a gaban kwamitin ƙarin girma, kuma ko bai samu ba, sharhin masu tantancewa zai gyara masa takarda. Wanda aikinsa na fili ne mai cin kuɗi da yawa cikin ɗan lokaci, ko wanda dama ta zo masa da ba za ta jira shekara ba, misali gwamnati za ta fara sabon shiri cikin wata huɗu kuma yana son auna shi daga farko, gidauniya ce tasa. Haka wanda ra'ayinsa ya saɓa wa na manyan fanninsa, matuƙar ya sami gidauniyar da burinta ya riga ya zo daidai da nasa ba tare da ya lanƙwasa ba. Haɗa biyun ma yana yiwuwa: babban nazarin tsarin haraji na Birtaniya da James Mirrlees ya jagoranta a cibiyar IFS, ESRC da gidauniyar Nuffield ne suka ɗauki nauyinsa tare.

Ko wace ƙofa ka bi, kafin sa hannu ka nemi sakin layin da ke magana a kan wallafawa. Mai bayarwa yana iya neman ya ga takardar kwana talatin kafin ta fita, wannan ba laifi. Idan kuwa an rubuta cewa sai da amincewarsa za a wallafa, to ka nemi a cire, idan an ƙi ka haƙura da kuɗin. Ka tuna kuma cewa tun 2012 mujallun ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka suna buƙatar marubuci ya bayyana wanda ya ɗauki nauyin aikin, da duk mai ruwa da tsaki da ya ba shi dala 10,000 ko fiye cikin shekara uku da suka wuce, da kuma ko akwai wanda ke da ikon duba takardar kafin a yaɗa ta. Wasu mujallu da yawa sun bi sahu, don haka duk sharaɗin da ka amince da shi a yarjejeniya, edita zai nemi ka rubuta shi ranar da ka miƙa takardar.